Yadda ake rubuta bayanin fankshan da ke mayar wa Linux memori

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wurin aikinmu muna da wani laburare na harshen C da ke riƙe manyan wurare a memori, kuma an ba ni aikin rubuta takardar bayanin wani fankshan da ke cikinsa, wanda ke kiran madvise domin mayar wa Linux memorin da muka gama amfani da shi. Na rubuta cewa fankshan ɗin yana sakin memorin da ba a buƙata, yana kuma dawo da sifili idan ya yi nasara, amma wanda ke duba aikina ya dawo mini da takardar ya ce ba ta wadatar ba. Mene ne ya rage?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya dawo maka da takardar ya yi daidai, kuma ya taimake ka, domin abin da ka rubuta gaskiya ne amma ba shi ne abin da mai karatu ya zo nema ba. Mai rubuta manhaja da ya buɗe takardarka ya riga ya san manufar fankshan ɗin tun daga sunansa. Abin da ya kawo shi shi ne ya san halin da wannan wurin na memori zai kasance bayan ya yi kiran: ko ya halatta ya sake taɓa shi, me zai tarar idan ya karanta, da kuma abin da zai iya gina manhajarsa a kai ba tare da fargabar cewa wata rana zai canza ba. Takardar bayani a irin wannan aikin alƙawari ce tsakaninka da mutumin da ba za ka taɓa haɗuwa da shi ba, kuma duk abin da ka bari ba ka faɗa ba, shi zai cike gurbin da abin da ya gani a kwamfutarsa, ya ɗauka cewa haka abin yake a ko'ina.

Kafin ka sake rubuta komai, ka raba abubuwa uku da jimlarka ta haɗe wuri guda. Akwai adireshin da manhaja ke gani, akwai abin da ke rubuce a wannan adireshin, sannan akwai ainihin shafukan RAM da kanel, wato zuciyar Linux mai rabon memori, ya ware domin riƙe abin. Linux yana lissafin memori ne shafi-shafi, kuma a kwamfutocin x86-64 girman shafi ɗaya bayit 4096 ne. Lokacin da manhaja ta kira mmap ta nemi wuri, adireshi kawai ake ba ta. Sai ranar da ta fara rubutu a wani shafi ne injin zai tsaya, kanel ya nemo shafin RAM, ya cika shi da sifili, ya haɗa shi da adireshin, sannan aiki ya ci gaba. Idan aka kira munmap, dukkan ukun ne ke tafiya tare, kuma wanda ya sake taɓa wurin zai gamu da SIGSEGV, wato siginar da ke tsayar da manhaja idan ta taɓa wurin da ba nata ba. Shi kuwa madvise ba ya taɓa adireshin, wurin yana nan daram a hannun manhaja, abin da ke ciki da shafukan RAM ne kawai ke iya canzawa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai karatunka ya ji, domin da yawa za su zaci fankshan ɗinka ɗan'uwan free ne, mai sakin wuri gaba ɗaya, su ji tsoron sake amfani da wurin, wasu kuma su manta cewa har yanzu akwai munmap a wuyansu.

Ba ka faɗa mini wane umarni fankshan ɗinku ke miƙa wa madvise ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ya rage a takardar, saboda umarni biyu ake amfani da su a wannan aikin kuma halinsu ya sha bamban ƙwarai. Na farko shi ne MADV_DONTNEED. Idan wurin memori ne na manhajar ita kaɗai wanda babu fayil a bayansa, wato irin wanda ake samu da MAP_PRIVATE haɗe da MAP_ANONYMOUS, to kanel yana kwance shafukan nan take, kafin kiran ya dawo, kuma duk wanda ya karanta wurin bayan haka sifili zai gani. Abin da ke ciki ya tafi, ba ya dawowa. Amma idan wurin fayil ne aka shimfiɗa a memori, labarin ya canza. In da MAP_PRIVATE aka shimfiɗa shi, gyare-gyaren da manhaja ta yi a kai ne za su ɓace, karatu na gaba ya ɗauko abin da ke cikin fayil ɗin. In da MAP_SHARED ne, babu abin da ya ɓace, domin bayanan suna nan a ma'ajiyar shafukan fayil ta kanel, manhajar ce kawai aka raba da su na ɗan lokaci. Haka kuma memorin haɗaka irin na tmpfs, tsarin fayil da ke zaune a memori, ba ya komawa ga tsarin ta wannan hanyar, akwai wani umarni daban, MADV_REMOVE, da aka tanada dominsa. Kira ɗaya ne, amma sakamakonsa ya dogara da yadda aka samo wurin tun farko, don haka takardarka dole ta faɗi irin wurin da fankshan ɗin ya yarda a ba shi, ta kuma faɗi abin da zai biyo baya idan aka ba shi wani iri daban.

Na biyu shi ne MADV_FREE, wanda ya shigo Linux a siga ta 4.5 a shekarar 2016, ko da yake tsarukan BSD sun daɗe da shi. Wannan ba ya karɓe komai a lokacin kiran. Kamar ɗan haya ne ya ce wa mai gida ya bar ɗakin, amma bai kwashe kayansa ba: idan wani mai neman ɗaki ya zo, mai gida zai fitar da kayan ya ba shi, idan kuma babu wanda ya zo har ɗan hayar ya dawo ya shiga, ɗakin nasa ne da kayansa yadda ya bar su. Kanel yana yi wa shafukan alama cewa za a iya zubar da su, sai memori ya yi ƙaranci sannan ya karɓe su. Idan manhaja ta rubuta wani abu a shafi kafin a karɓe shi, alamar ta tashi daga kan wannan shafin, ya koma nata kamar ba a taɓa yin komai ba. Amfaninsa a fili yake: manhajar da ke sakin wuri tana sake ɗauka sau dubbai a cikin daƙiƙa ba za ta riƙa biyan kuɗin tsayawa da cika shafi da sifili a kowane zagaye ba. Sai dai umarnin yana aiki ne kawai a kan memori na manhajar ita kaɗai wanda babu fayil a bayansa.

A nan ne nake so ka fi zama ka yi tunani, domin nan ne takardu marasa kyau ke jawo ɓarnar da ke da wuyar ganowa. Bayan MADV_FREE, wanda ya karanta wurin zai iya ganin tsohon abin da ke ciki, zai kuma iya ganin sifili, kuma hukuncin shafi-shafi ne: shafi na farko na iya riƙe tsohon abu, na biyu ya zama sifili, na uku ya riƙe tsohon abu. Karatu biyu a jere a adireshi ɗaya ma suna iya ba da amsa biyu, idan kanel ya karɓe shafin a tsakaninsu. A kwamfutar mai rubuta manhaja, inda RAM ke da yalwa, kusan kullum tsohon abin zai gani, sai ya saki jiki. A kan sabar da ke cike da aiki, wata rana da tsakar dare, sifili zai fito. Haɗarin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Wanda ya saba da MADV_DONTNEED zai iya rubuta wani abu mai kama da calloc (mai ba da wuri cike da sifili) wanda ke tsallake share wuri saboda ya yi imani cewa sifili ne a ciki, kuma ranar da kuka sauya fankshan ɗinku zuwa MADV_FREE domin neman sauri, manhajarsa za ta fara raba wa mutane wurare masu ɗauke da tsofaffin bayanai. Ko da ya rubuta bayit ɗaya a shafin domin ya soke alamar, bai san abin da ke cikin sauran bayit 4095 ɗin ba. Idan kalmomin sirri ko mabuɗan ɓoye bayanai sun taɓa zama a wurin, to ka rubuta ƙarara cewa wannan fankshan ba hanyar goge sirri ba ce, mai buƙatar haka ya kira explicit_bzero tukuna. Wannan gargaɗin ya shafi MADV_DONTNEED ma, domin abin da aka tabbatar shi ne manhaja ba za ta sake ganin tsohon abin ba, ba wai an goge shi daga RAM a daidai lokacin ba.

Tarihin wannan kiran kansa ya nuna abin da ke faruwa idan ba a rubuta alƙawari a sarari ba. Madvise ya samo asali ne daga BSD, kuma a asalinsa shawara ce kawai ake ba kanel game da yadda za a yi amfani da wuri, shawarar da ba ta canza ma'anar manhaja. A FreeBSD, MADV_DONTNEED yana rage wa shafukan daraja ne a layin waɗanda za a riƙe a RAM, ba ya zubar da abin da ke ciki. Ƙa'idar POSIX, wadda aka tsara wa tsarukan dangin Unix, ta bi wannan fahimtar a posix_madvise, inda ta ce shawarar ba ta shafar abin da manhaja za ta gani idan ta taɓa wurin. Linux kuwa ya ba sunan ɗaya aiki mai rusa bayanai, har ta kai ga glibc, babban laburaren C na Linux, tana yin watsi da POSIX_MADV_DONTNEED gaba ɗaya, ta dawo da nasara ba tare da ta yi komai ba, saboda in ta miƙa shi kai tsaye ga kanel za ta karya alƙawarin POSIX. Saboda haka wanda ya ƙara baƙaƙe shida na posix_ a farkon sunan ya canza manhajarsa daga wadda ke share bayanai zuwa wadda ba ta yin komai, wanda ya cire su kuma ya yi akasin haka. An ga illar wannan ruɗanin a zahiri a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon injin kwamfuta, a yanayinsa na gudanar da manhajar wani injin a kan wani injin daban. An daɗe QEMU yana yin watsi da madvise bisa dalilin cewa shawara ce, alhali kuwa jemalloc, ɗaya daga cikin sanannun masu rabon memori, ya dogara da cewa MADV_DONTNEED yana mayar da wuri sifili. Daga baya sai da jemalloc ya ƙara gwaji a lokacin tashi, ya rubuta wani abu a shafi, ya yi kiran, ya duba ko sifili ya dawo, in bai dawo ba ya koma share wuri da kansa. Kowane ɓangare ya karanta abin da ke gabansa ya yi aiki da shi bisa gaskiya. Matsalar ita ce rubutu biyu ne ke yawo a ƙarƙashin suna ɗaya.

Akwai kuma mai karatu na biyu da masu rubuta irin wannan takarda ke yawan mantawa da shi, wato wanda ke zaune gaban allon sa ido yana kallon yawan memorin da kowace manhaja ke ci. Shi bai san fankshan ɗinka ba, lambar RSS kawai yake gani, wato yawan RAM da manhaja ke riƙe da shi, wadda ke fitowa a top da ps da kuma layin VmRSS na /proc/PID/status. Da MADV_DONTNEED lambar tana sauka nan take. Da MADV_FREE ba ta sauka sai kanel ya zo ya karɓi shafukan, wanda ka iya ɗaukar sa'o'i ko kwanaki idan babu matsi. Harshen Go ya bi ta wannan hanyar a gaban kowa. A siga ta 1.12, a shekarar 2019, aka sauya shi ya riƙa amfani da MADV_FREE a Linux domin rage wahalar kanel, sai jama'a suka fara kai ƙorafin cewa manhajojinsu na riƙe memori ba sa saki, alhali memorin yana nan a shirye ga duk mai buƙata, lissafin ne bai nuna ba. An ba da mafita ta GODEBUG=madvdontneed=1 ga wanda yake son tsohon hali, sannan a siga ta 1.16, a shekarar 2021, aka mayar da MADV_DONTNEED ya zama na asali, da dalilin cewa RSS ya riƙa nuna gaskiyar abin da manhaja ke riƙe da shi. Ta fuskar injiniyanci babu kuskure a zaɓin farko, amma mutanen da ke kula da sabobi sun sha wahala ta gaske, wasu sun ɓata kwanaki suna neman ɓarakar da babu ita. Sakin layi ɗaya a takardarka da ke cewa ga lambar da za ta motsa, ga wadda ba za ta motsa ba, ga inda za a duba, zai hana irin wannan. Ka ambaci cewa VmSize, wato girman adireshin da manhaja ta riƙe, ba ya raguwa ko da wane umarni aka yi amfani, tunda adireshin yana nan, ka kuma nuna wa mai karatu layin LazyFree a /proc/PID/smaps, inda shafukan da ke jiran a karɓe su ke bayyana.

Shawarata ita ce kada ka rubuta jimla ko ɗaya game da hali sai ka gan shi da idonka, kuma gwajin ba ya cin rabin sa'a. Ka nemi megabayit 64 da mmap, wato shafuka 16384, ka cika su da wata lamba da za ka gane, a ce 0xAB, ka duba VmRSS, za ka ga ya ƙaru da kusan 65536 kB. Ka kira fankshan ɗinku, ka sake duba lambar, sannan ka karanta bayit na farko na wasu shafuka. Idan MADV_DONTNEED ne a ciki, lambar za ta faɗi, karatun ya ba ka sifili, kuma za ka lura da wani abu mai kyau: karatu kaɗai ba ya sake ɗaga RSS, saboda kanel yana nuna wa duk mai karatu shafin sifili ɗaya na haɗaka, sai an yi rubutu ne ake ware sabon shafi. Idan MADV_FREE ne, za ka ga 0xAB yana nan, lambar ba ta motsa ba. To kada ka tsaya a nan. Ka sa gwajin a cikin cgroup, wato rukunin da Linux ke iya ƙayyade wa memori, mai ƙaramin iyaka, ka sa manhajar ta nemi wani memorin har kanel ya matsu, ka sake karantawa, sai ka ga sifili ya fara ɓullowa a wasu shafukan. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake rubuta cewa abin da ke ciki yana nan ba.

Sai batun iyakoki, wanda gajere ne amma yana da kaifi. Madvise yana buƙatar adireshin farko ya faɗa daidai kan farkon shafi, in ba haka ba sai ya dawo da kuskuren EINVAL, kuma adireshin da malloc ke bayarwa ba ya cika wannan sharaɗin sai bisa dace. Tsawon kuwa ba a ƙin sa, ana ɗaga shi ne zuwa cikakken shafi ba tare da an faɗa wa kowa ba. Wanda ya ce a saki bayit 5000 ya saki 8192, kuma bayit 3192 da ke biye, waɗanda ƙila wani ɓangaren manhajar ne ke amfani da su, sun tafi tare. Dole ka buɗe lambar fankshan ɗinku ka ga abin da yake yi da wannan: yana ƙin tsawon da bai cika shafi ba, yana rage shi zuwa shafukan da ke ciki gaba ɗaya, ko yana miƙa shi yadda yake. Duk wanda ya kasance, ka rubuta shi. Idan na ukun ne, ni a ganina gyaran lamba ya kamata a fara yi kafin gyaran takarda. Kada kuma ka rubuta 4096 a matsayin doka, domin kwamfutocin Apple masu injin ARM suna amfani da shafi na kilobayit 16, wasu sabobin ARM kuma 64; ka tura mai karatu ga sysconf da _SC_PAGESIZE.

Ɓangaren kurakurai yana buƙatar fiye da jerin sunaye. Faɗin cewa ana dawo da sifili idan an yi nasara bai gaya wa mai karatu halin da wurin ke ciki ba idan ba a yi nasara ba. A Linux, idan akwai rami a tsakiyar wurin, wato adireshin da ba a shimfiɗa komai a kai ba, madvise yana aiwatar da umarnin a kan sassan da ke akwai, sannan ya dawo da ENOMEM, wanda ke nufin kiran ya gaza amma bayanai sun riga sun tafi. Shafukan da aka kulle da mlock kuma MADV_DONTNEED ba ya karɓarsu. Kuskuren da ya fi waɗannan nauyi ba a lokacin kiran yake zuwa ba. Da zarar an mayar da shafukan, rubutu na gaba a wurin buƙata ce sabuwa ga kanel, kuma idan a lokacin babu memori, babu wani errno, wato lambar kuskure, da za a dawo da shi, tunda ba kira aka yi ba, rubutu ne kawai a adireshi. Abin da ke iya biyo baya shi ne kanel ya zaɓi wata manhaja ya kashe ta da SIGKILL domin ya samu sarari, kuma tana iya zama taku. Mai rubuta manhajar da ba ta jure tsaiko, irin ta sauti ko ta ciniki, yana da haƙƙin ya san cewa wurin da ya taɓa zama tabbatacce a hannunsa yanzu ya zama abin da za a sake nema. Ka haɗa da maganar zaruruwan aiki, wato sassan manhaja ɗaya da ke gudana a lokaci guda: idan wani zare yana rubutu a wurin a daidai lokacin da wani ke yin kiran, rubutun na iya ɓacewa, kuma kanel ba ya yi wa kowa kulle a kan wannan. Kiran kansa ma yana da tsada a manhaja mai zaruruwa da yawa, domin sai an sanar da sauran kawunan injin su watsar da fassarar adireshin da suka ajiye, shi ya sa kira ɗaya a kan babban wuri ya fi kira ɗari a kan ƙanana.

Game da sigogi, ka tuna cewa kwamfutar da aka haɗa manhaja a kai ba lallai ita ce za ta gudanar da ita ba. Samun MADV_FREE a fayilolin kai (header) lokacin haɗawa bai nuna cewa kanel ɗin da ke gudana ya san shi ba; wanda bai kai 4.5 ba zai dawo da EINVAL, kuma Go a lokacinsa ya magance wannan ta hanyar komawa MADV_DONTNEED idan ya ga haka. Ko a tsakanin waɗanda suka san shi akwai bambanci, domin kafin siga ta 4.12, a kwamfutar da ba ta da wurin swap, wato inda ake juye memori idan RAM ya cika, ana sakin shafukan nan take maimakon a jinkirta. Idan laburaren yana aiki a Windows ma, to can wasu kiraye ne daban, VirtualAlloc da MEM_RESET wanda halinsa ya yi kusa da MADV_FREE, ko VirtualFree da MEM_DECOMMIT wanda bayansa taɓa wurin laifi ne sai an sake neman sa. Alƙawarin da za ka rubuta dole ya zama wanda dukkan waɗannan hanyoyin za su iya cikawa.

Wannan ya kawo ni ga hukuncin da ba kai kaɗai za ka yanke ba, sai ka zauna da masu laburaren. A takarda mai kyau ana raba abin da aka yi alƙawari da abin da ake yi a yanzu, kuma ana sa su a wurare daban yadda mai karatu ba zai gauraya su ba. Idan yau fankshan ɗinku MADV_DONTNEED yake kira, kuna da zaɓi biyu. Kuna iya yin alƙawarin sifili, wanda zai amfani masu amfani da ku amma ya ɗaure ku har abada ga wannan halin. Kuna iya kuma cewa abin da ke ciki ba sananne ba ne bayan kiran, ku bar wa kanku damar sauyawa. Ni na fi karkata ga na biyu, sai dai idan akwai wanda ke buƙatar sifilin da gaske, a nan gara a yi masa fankshan na daban mai suna daban. Amma in kun zaɓi na biyu, ku sani cewa rubutu kaɗai ba ya hana mutane dogaro da abin da suka gani, don haka yana da kyau a yanayin gwaji laburaren ya riƙa cika wurin da wata lamba marar ma'ana maimakon ya sake shi, domin wanda ya dogara da sifili ko da tsohon abu ya gane tun a teburinsa.

Ga yadda zuciyar takardar za ta iya kasancewa, ko da Turanci za ka rubuta ta daga baya: "Wannan fankshan yana sanar da tsarin aiki cewa ba a buƙatar abin da ke cikin wurin da aka nuna. Wurin yana ci gaba da zama na mai kira, ana iya karanta shi da rubutu a kansa, kuma har yanzu wajibi ne a rufe shi ta hanyar da aka saba. Bayan kiran, ko ya yi nasara ko bai yi ba, abin da ke cikin wurin ba sananne ba ne har sai mai kira ya sake rubuta shi. Kada a ɗauka sifili ne, kada a ɗauka tsohon abin ne. Adireshin farko da tsawon dole su zama ninkin girman shafi, in ba haka ba a dawo da EINVAL ba tare da an taɓa komai ba. Ba a yarda wani zare ya taɓa wurin ba yayin da kiran ke gudana. Rubutu na farko a kowane shafi bayan kiran yana iya jinkiri, kuma yana iya jawo ƙarancin memori kamar sabuwar buƙata. Fankshan ɗin ba ya goge sirri." Bayan wannan sai wani sashe daban mai taken yadda ake aiwatarwa a yanzu, inda za ka faɗi umarnin da ake kira a kowane tsari, da abin da zai faru da RSS, tare da jimla guda da ke cewa wannan sashen na iya canzawa daga siga zuwa siga.

Ka lura cewa gargaɗin da ya fi haɗari yana cikin jimloli uku na farko, ba a ƙasan shafi ba, domin yawancin masu karatu a cikin editansu suke ganin takardar, a ɗan akwatin da ke fitowa idan sun ɗora alamar linzami a kan sunan fankshan, kuma akwatin layuka kaɗan yake nunawa. Misalin lambar da za ka sa a ƙarshe shi ma ka ɗauke shi da muhimmanci, saboda shi za a kwafa kai tsaye: ya nuna yadda ake samo girman shafi, ya duba abin da kiran ya dawo da shi, ya kuma sake rubuta wurin kafin ya karanta shi. Idan ka gama, ka ba wani abokin aikinka da bai taɓa ganin lambar fankshan ɗin ba, ka tambaye shi abin da zai gani idan ya karanta bayit na farko bayan kiran, da abin da top zai nuna, da abin da zai faru idan ya ba da tsawon 5000. Inda ya yi jinkirin amsa ko ya ce sai ya gwada, wannan sakin layin ne za ka sake rubutawa kafin ka mayar wa mai duba aikinka.